Direban Da Ya Ƙi Zagaya Motarsa

An yi wani mutum, direban babbar mota, ba a zamanin da ba, a wannan zamani namu. Ku matso, 'yan uwana mata. Mai goyo ta gyara goyonta. Ku ma samarin da ke bakin ƙofa kuna yi kamar ba ku ji, har da ku nake, musamman masu jan mota a cikinku.

Motar mutumin nan irin doguwar nan ce mai buɗaɗɗen baya. Ba bango, ba rufi, shimfiɗa ce kawai. Irin wannan mota ba abin da ke riƙe kayanta sai ɗauri. In ɗauri ya yi kyau, kaya ya isa lafiya. In bai yi ba, ka jefa duk wanda ke bayanka a titi cikin haɗari, shi bai ma sani ba.

Ni ɗinkin tamfol nake yi a bakin ƙofar filin da suke lodi, don haka ba labari aka ba ni ba, a gabana aka fara.

Mutumin nan ya iya ɗauri, ba zan rage masa ba. Tamau ake ce masa a filin, saboda in ya ɗaure kaya ko allura ba ta shiga tsakanin bel ɗin ɗaurin da kayan. A wurin mahaifinsu ya koya, Allah ya ji ƙan tsoho. Shi da ƙanensa, autan gidansu, tare aka koya musu. Tsoho ya nuna musu a sa mai nauyi a ƙasa, a tsakiya, kada mota ta karkata. A matsar da kaya gaba ya jingina, don in an taka birki kada ya sami wurin gudu. Abu mai mirginawa a tokare shi da katako ta kowane gefe kafin ma a ɗauko bel. Inda kaya ke da kaifi a sa guntun tsohuwar taya a ƙarƙashin bel, kada ya ci shi. Kada bel ya murɗe, kada a ƙulla shi. Wanda ya fara zarewa kuwa, a sa wuƙa a yanke shi nan take, don in ka jefa shi a akwati, wata rana kana sauri za ka ɗauko.

Sannan babbar maganar tsoho ita ce: in ka gama, ka zagaya motarka. Da ƙafarka. Ka taɓa ƙugiyar kowane bel da hannunka.

Yadda suke aiki kuwa abin sha'awa ne. Wurin tsayawar motar Tamau da na Auta a jere suke, ta Auta tana hagu. Tamau zai tsaya a dama, ya naɗe bel, ya wulla shi ta saman kaya, ya ce, "Ga shi nan!" Auta yana can hagu, zai cafe, ya zura ƙugiyar a raminta da ke jikin mota, ya ja ya ji, ya ɗaga murya, "Ta kama, Yaya!" Sai Tamau ya tamke ta gefensa. In sun gama tasa, su koma ta Auta. Ina zaune ina ɗinki, ba sai na ɗaga kai ba, na san 'ya'yan tsoho sun fara aiki. Ga shi nan. Ta kama, Yaya. Ga shi nan. Ta kama, Yaya.

To, ya 'yan uwa, ina Shaiɗan ya sami ƙofa? Ba ta giya ya shigo ba. Ba ta caca ba, ba ta bin mata ba. Mutumin nan ba ya wasa da salla. Ta wani tsohon bel ya shigo.

Wata safiya filin cike da mutane, Tamau ya wulla bel, Auta ya cafe, sai ya ga gefensa ya zare, zaren ya tashi kamar gemun masara. Auta bai yi wani tunani ba. Abin da ubansu ya koya musu ya yi. Ya zaro wuƙa ya yanke shi gida biyu, ya ɗaga sama ya ce, "Yaya, wannan ya mutu, miƙo wani."

Sai wani ɗan lodi mai bakin tsiya ya ce, "Kai! Yau Tamau ya zama Sako-sako!"

Aka kwashe da dariya. Dariya ce ta filin lodi, wadda kafin azahar an manta da ita. Kowa ya manta, ban da mutum ɗaya.

Tamau ya zagayo, idonsa ja. Ya ce, "Ni za ka tozarta a gaban mutane? Ni na koya maka riƙe sitiyari."

Auta ya ce, "Haba Yaya, bel ne fa."

"Daga yau kada ka ƙara taɓa motata."

Kun ji? Shi ke nan abin da ya faru. Ba gado aka raba ba, ba zagin uwa aka yi ba. Bel ne da ya riga ya mutu.

Washegari Auta ya sayo sabon bel, mai faɗi, ko warware shi ba a yi ba. Ya kawo ya durƙusa ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, da na san zai yi maka ciwo da na ja ka gefe." Tamau ya dubi sama kamar yana duba ko za a yi ruwa. Auta ya ajiye bel ɗin a kan matakalar motar. Tamau ya sa ƙafa ya ture shi ƙasa, ya hau ya tayar da mota. Auta ya ɗauka, ya kaɗe, ya sa a bayan kujerarsa.

Maganar ta kai ga mahaifiyarsu. Tsohuwa ce, ƙafa ta hana ta fita, ɗakinta ɗaya, gadonta na jikin taga, a nan take sallarta. Ta sa aka kira mata Tamau. Ta ce, "Kai ne babba. Babba shi ke haɗiye magana."

Ya ce, "Inna, shi ya kamata ya zo."

Ta ce, "Ai ya zo. Ka ture shi da ƙafa, an gaya mini."

"Bel na ture, ba shi ba."

"Kada ka raina mini hankali. A cikina kuka kwanta ku biyu, na san wanda ke da taurin kai tun yana ciki."

Ya ce to, ya tashi. Irin to ɗin nan da 'ya'yanmu ke mana, wanda ba ya wuce bakin ƙofa. Daga nan in ya zo gaida ta ya ga takalmin Auta a waje, sai ya juya.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne wurin da nake so ku riƙe.

Motocin nan har yanzu a jere suke tsayawa, don wurin kowa a filin sananne ne. Tsakanin motar Tamau da ta Auta ɗan lungu ne, mutum biyu ba sa wucewa sai sun gogi juna. In Tamau zai sa ƙugiyarsa ta hagu, dole ya shiga lungun nan. In ya shiga, ga Auta. In ya ga Auta, Auta zai gaishe shi, don bai taɓa fasa gaishe shi ba. In ya gaishe shi, ko ya amsa, ko kowa ya ga bai amsa ba.

Sai Tamau ya ƙirƙiro dabara. Zai hau saman kaya, ya kwanta rub da ciki, ya zura bel ta hagu kamar mai jan ruwa a rijiya, ya yi ta lilo da ƙugiyar har ya ji ta maƙale a jikin ƙarfe. Sai ya ja, ya ji da ƙarfi, ya sauko ta dama ya tamke.

Babban mutum, mai iyali, mai furfura a gemu, yana rarrafe a saman kaya don kada ya ce wa ƙanensa ina kwana!

Wani ɗan lodi ya ce, "Maigida, bari in sa maka ta can." Ya ce a'a, ba mai taɓa ɗaurinsa. Ni ma da bakina na ce masa, "Tamau, ka zagaya mana, ƙafarka ƙalau." Ya ce, "Hajiya, hannuna yana gani." Ban ƙara ba.

Hannu yana gani? Ƙugiyar da aka sa daga sama, wa ya san inda ta kama? Ko ta shiga raminta, ko bakinta kawai ya ɗan ɗosana a gefen ƙarfe, in ka ja duk ɗaya za ka ji. Bambancin sai a hanya yake fitowa, lokacin da mota ta faɗa rami, kaya ya motsa, bel ya ɗan saki. Wadda ke cikin rami ta zauna. Wadda ke ɗosane ta yi tsalle ta fita.

Akwai kuma wani abu. Duk direban kirki ya san kaya yana zama. Ka tamke a fili kamar me, da ka ɗan yi tafiya, kaya ya girgiza ya zauna, bel ya yi sanyi. Shi ya sa in an fita gari kaɗan, akwai wani fili a gefen titi, gaban gidan mai, inda kowa ke tsayawa ya sake tamkewa. Auta yana tsayawa a wurin. Don haka Tamau ya daina tsayawa. Ya wuce fuu, kansa a miƙe.

Ya yi haka ya dawo lafiya. Ya sake, ya dawo lafiya. Har ya fara gani kamar zagayen nan na tsoho ɓata lokaci ne. Ya 'yan uwa, ku ji tsoron laifin da kuka yi ba abin da ya faru. Jinkiri ne Allah yake yi maka ko za ka dawo, kai kuma kana cewa ka iya.

Ranar da abin zai faru, rana tsaka ne, gari garau. An yi wa su biyun lodi zuwa wuri ɗaya, inda ake aikin hanya. Tamau manyan bututun siminti aka ɗora masa, irin na kwalbati, wanda yaro ke shiga ciki a tsaye. An kwantar da su a tsawon mota, wasu a ƙasa, wasu a kansu. Katakon tokari na dama ya buga shi da kansa ya zauna daram. Na hagu kuwa daga sama ya leƙa, ya ga katako na nan, ya ce ya yi. Ya zura ƙugiyoyinsa yadda ya saba. Ya fita.

Auta da ke lungun ya ga ƙugiya biyu a ɗosane. Ya miƙa hannu zai gyara, sai mota ta motsa. Ya bi ta da gudu yana dukan jikinta yana kira, "Yaya! Yaya, tsaya!" Tamau ya ji. Ya ƙara wuta.

Auta bai ko tsaya karɓar ruwan da ya aika a sayo masa ba. Ya zagaya tasa motar, ya taɓa ƙugiyoyinsa, ya hau ya bi bayan wansa. Yana cewa a ransa, Yaya zai tsaya a gidan mai. Tamau bai tsaya ba.

Kafin su yi nisa, ƙugiya ɗaya ta fita. Bel ya kama kaɗawa a iska ta hagu, fal fal fal. Auta ya kunna fitila ya kashe, ya kunna ya kashe. Ya danna hon. Ya kira waya. Tamau ya dubi wayar. Ya daɗe da goge sunan, amma lambar ƙaninka ai ba ta goguwa a kai. Ya kifa ta a kan kujera.

Da ya dubi madubinsa na hagu sau ɗaya, da ya ga bel ɗin da idonsa. Amma motar Auta ce ta cika madubin nan, tana ƙoƙarin zuwa daidai da shi don ya yi masa nuni da hannu. Shi kuwa ya rantse ba zai dubi fuskar yaron nan ba. A ransa cewa yake, wato har ya yi girman da zai wuce ni a hanya? Sai ya taka mai.

Kun ga yadda gaba take? Mai cetonka ne ke bin ka, kai kana gudu.

Gabansu akwai hawa, a saman hawan akwai kwana. Auta ya san hanyar. Ya ga ba zai cim masa ba kafin kwanar. Ya duba madubi, sai ga motar haya a bayansa, cike da mutane, har da mata da yara, direbanta yana ta neman hanyar wucewa. Auta ya rage gudu, ya fito da hannu yana dakatar da shi, sannan ya karkatar da doguwar motarsa ya gindaya ta a titi, ya rufe hanya gaba ɗaya. Direban hayar ya leƙo yana zagi. Bai rufe baki ba suka ji ƙara kamar an yi tsawa.

Tamau ya shiga kwana da gudu. Kaya ya jingina hagu. Ƙugiyar da ta rage a ɗosane ta fita, katakon da ba a buga ba ya zame. Bututun sama suka tafi. Ɗaya ya fashe a wurin. Ɗaya ya faɗi ya juya, ya kama gangara, yana mirginowa tsakiyar titi, abin da mutum ashirin ba sa ɗagawa. Ya zo ya daki gefen motar Auta, ya lanƙwasa ƙarfen kamar cokali, ya tsaya. Bayan ƙarfen nan, ba nisa, motar haya ce. Wata mata a ciki, an ce, ko sakin nonon da take ba ɗanta ba ta yi ba, salati kawai take.

Motar Tamau kuwa, da nauyi ya tafi gefe ɗaya, ta bi shi. Ta kwanta a rami ta hagu, kan motar ya matse.

Wa ya hau hawan nan da gudu ba takalmi? Wa ya fasa gilashi da hannunsa? Wa ya kira mutanen motar haya suka kawo ƙarfe suka ɓanɓare ƙofa? Kun sani. Tamau ya buɗe ido cikin jini da ƙura, fuskar da ya ƙi duba ita ce a kansa, tana kuka tana cewa, "Yaya, yi magana. Don Allah ko zagina ne, yi."

Ba a rasa rai ba. Ku ce alhamdu lillahi. Amma abin da ya tara ya tafi. Mota ta zama tarkace. Masu kaya suka ce ba su ƙara ba shi ko buhu ɗaya. Hukuma ta karɓe takardar tuƙinsa. Ƙafarsa ta hagu ta karye wuri biyu, ta warke a sandare, ba ta ƙara taka kuloci ba har yau. Sunan nan da ya ƙi yarda a taɓa saboda dariyar safiya ɗaya, yanzu a kowane filin lodi in an ga ɗauri marar kyau, da shi ake misali.

A asibiti kwanakin farko bango kawai yake kallo. Auta ne ke juya shi, shi ke kai shi ban ɗaki. Wata rana aka ɗauko tsohuwa a kujera aka kawo ta. Ta dube shi ta dube shi. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Da mutanen motar nan sun mutu, me za ka ce wa Allah? Ka ce masa an yi maka dariya?"

Nan ya fashe da kuka, babban mutum, har gadon na girgiza. Ya kamo hannun Auta, wanda gilashi ya yayyanka, ya ce, "Na ji ka. Tun a fili na ji ka. Ka yafe mini."

Auta ya ce, "Haba Yaya. Saki hannun dai, ɗinkin bai warke ba, za ka sa likita ya sake mini allura."

Tsohuwa ta ce, "Ku ji shi, ya tare bututu da mota amma allura yake tsoro." Suka yi dariya su uku, da hawaye da komai.

To, ga inda nake so zuciyarku ta yi sanyi. Allah ba ya rufe wa mai tuba ƙofa. Ya karɓi mota, ya bar masa rai, ya bar masa hannu da ido, ya mayar masa da ɗan uwa.

Da aka gyara motar Auta, ranar lodinta na farko, ina zaune da tamfol a cinyata, sai ga Tamau da sanda yana ɗingishi. Kowa ya bar abin da yake yi. Mai bakin tsiyan nan ma ya sunkuyar da kai. Auta ya shiga mota, ya laluba bayan kujera, ya fito da bel ɗin nan da aka ture da ƙafa. Har lokacin ba a warware shi ba. Ya miƙa masa. Tamau ya jingina sandarsa da taya, ya warware, ya naɗe, ya wulla ta saman kaya. Ya ce, "Ga shi nan."

Daga can hagu muka ji, "Ta kama, Yaya!"

Na soki yatsana da allura ban ji ba.

Sai Tamau ya ɗauki sandarsa, ya bi ta bayan mota a hankali, ya shiga lungun nan, ya taɓa ƙugiyar da hannunsa.

Yau aikinsa ke nan a filin. Direbobi da kansu suka roƙa a ajiye shi. Ba motar da ke fita sai ya zagaya ta da sandarsa, wuƙa a aljihu. In ya ga bel ya zare, ba ya yankewa a gaban mutane. Ya kan ja direba gefe ya ce, "Zo ka gani, ɗana. Kai za ka yanke ko ni?"

Ya 'yan uwa, ku masu jan mota, ku ji da kyau. Tamfol rufi ne, ba ɗauri ba ne. Mai nauyi a ƙasa. Mai mirginawa a tokare shi dama da hagu. Jelar bel a naɗe ta, kada ta shiga taya. Abin da ya zarce bayan mota a ɗaura masa jan ƙyalle. Kun ɗan yi tafiya, ku tsaya ku sake tamkewa. Ruwa ya dake ku, ku sake dubawa. Wani ya kunna muku fitila a baya, ku tsaya, ko maƙiyinku ne. Addu'ar tafiya ku yi ta, amma bayan kun zagaya, ba a madadin zagayen ba. Mutanen da ke bayanku amana ce, ba su san sunanku ba amma za a tambaye ku su.

Ku kuma mata, in mijinki ko ɗanki zai fita, bayan kin ce Allah ya kiyaye hanya, ki ƙara da, ka zagaya? Zai ce kin cika magana. Ki cika.

Sannan mu duka, masu mota da marasa mota. Wace ce a nan ba ta da lungun da ta daina bi? Wace ce ba ta sauya hanyar kasuwa don kada ta haɗu da 'yar uwarta? Wace ce ba ta goge wata lamba da har yanzu tana kanta? Kina ganin ke da ita ce kawai abin ya shafa. Tamau ma haka ya gani, alhali mota cike da 'ya'yan mutane tana bayansa. Kada ki jira sai an ɓanɓare ƙofa an ciro ki. Ƙafarki ƙalau take yau. In mun tashi daga nan, ki bi ta can, ki yi sallama. In ta amsa, madalla. In ba ta amsa ba, ki koma gobe.

Ya Allah ka sassauta zukatanmu ga 'yan uwanmu. Ka ba mu kunnen jin mai yi mana gyara, ko ƙaraminmu ne. Ka kai matafiya lafiya, ka dawo mana da su lafiya, su da waɗanda ke bayansu. Allah ya kiyaye mu da girman kai da gaba. Amin.